Taubashina a Mota, Ni a Ƙasa

Ni da shi kakarmu ɗaya. Mahaifinsa wan mahaifiyata ne, kuma tun muna yara tare muke kiwon awaki duk lokacin da aka kai ni garinsu. Daga ƙauyenmu a ƙasar Daura zuwa nasu a yankin Matamai, mai babur ba ya cin awa guda. Abin da ke tsakani kawai shingen Kwangwalam ne, inda Najeriya ta ƙare Nijar ta fara. Ban taɓa ɗaukar shingen nan a bakin komai ba sai a 2018, ranar da aka jera mu a Tamanrasat, a kudancin Aljeriya, aka tambayi kowa ƙasarsa, shi aka nuna masa dama, ni aka nuna mini hagu.

Kusan kullum ina jin ana muhawara a rediyo kan bakin haure, wasu na cewa a tsaurara iyaka, wasu na cewa a sassauta. Ni abin ya bi ta kaina, da ƙafafuna na taka shi, shi ya sa na ce bari in faɗi nawa.

Tafiyata ta farko a 2014 ce, bayan damina ta yi mana gardama shekara biyu a jere. Ba a cikin duhu muka tashi ba. Kowa a yankinmu ya san abin da ya faru a watan Oktoba na 2013, lokacin da aka tsinci gawarwaki 92 a hamada arewa da Arlit ta Nijar, kan hanyar Aljeriya, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta gama da su. A cikinsu 52 yara ne, 33 mata, kuma akasarinsu mutanen Kance ne, maƙwabtan su taubashina. Ya halarci zaman makoki a garuruwan da ya san hanyarsu da ƙafa. Duk da haka muka ɗaura jaka. Wanda bai gane dalili ba, ya tuna abin da ya koro ɓera daga rami ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Rumbu babu komai tun kafin bazara, ga tsofaffi, ga ƙanne, ga maganar aurena da aka ɗaga sau biyu.

A wancan lokacin hanya a buɗe take. Damagaram, Tanut, Agadas, Arlit, duk da rana tsaka muka bi. A Agadas a tasha ake lodi, an san direba, an san gidansu, an san mai motar. Duk ranar Litinin ayarin masu zuwa Libiya ke tashi, sojoji na rakiya har Dirku, mu kuma masu Aljeriya mu miƙa Arlit. A shingaye ana karɓar na goro, wannan ba a ɓoye yake ba, amma idan mota ta mutu a hanya kana da tabbacin wata na tafe a bayanka. Wata tara na yi a Tamanrasat ina leburanci, na dawo na yi wa ɗakin Inna rufin kwano, na yi aure. Babu wanda ya kira ni mai laifi a gida. Ci-rani na je, kamar yadda iyayenmu suka yi.

Da na sake fita a 2017 sai na tarar an canja duniya. A watan Mayu na 2015 Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36 kan safarar bakin haure, aka fara aiki da ita gadan-gadan a 2016, zamanin Shugaba Mahamadou Issoufou, Mohamed Bazoum yana ministan cikin gida. A tsakani an yi taron Baleta a ƙasar Malta a watan Nuwamba na 2015, inda Tarayyar Turai ta buɗe asusu na musamman don rage kwararar mutane zuwa can. Direban da aka kama da baƙi arewa da Agadas yana iya shan ɗaurin shekara 5 zuwa 10, a kuma ƙwace motarsa. Mu ba Turai za mu ba, ban ma taɓa ganin teku ba a lokacin, amma igiyar da aka harba don mai zuwa Italiya ita ta kama mai zuwa haɗa siminti a Aljeriya.

A takarda ina da 'yancin yawo a Nijar. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa a cikinta damar shiga wata ya yi kwana 90 babu biza, kuma a lokacin Nijar tana ciki. Amma a shingen fita daga Agadas taubashina ya nuna katinsa na ɗan ƙasa aka ce ya koma mota, ni aka sauke ni. Hausa ɗaya muke yi, tsagen fuskarmu ma iri ɗaya ne. Shi ma ya sauko, ya ce, “Ɗan Inna, tare muka fito, tare za mu isa.”

Kwana shida muka yi a wani gida a bayan gari, irin wanda ake kira geto, an hana mu leƙa ƙofa. Kuɗin mota kusan ninki uku na abin da na biya a farko. Cikin dare aka kwashe mu a Hilux, mu fiye da ashirin, kowa ya zuro ƙafafunsa waje ya rungumi sandar da aka kafa tsakanin cinyoyinsa, kowa da jarkarsa da aka naɗe da buhu aka ɗinke don kada ruwan ya tafasa. Direban ba ya kunna fitila. Da muka tsaya ya huta na tambaye shi me ya sa ba mu bi hanyar da na sani ba. Ya ce, “Malam, rijiyoyin duka akwai sojoji a kansu. Da can rijiya muke nema, yanzu rijiya muke gudu.” Ya ce idan ya hango ƙurar masu sintiri, sauke mu zai yi ya tsere, kuma ya faɗa mana tun yanzu don kada mu ce ya ci amanarmu. A wannan shekarar ce, farkon watan Yuni, aka ba da labarin mutum 44, akasari 'yan Gana da Najeriya, har da jarirai, da suka mutu tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta lalace. Lokacin da nake jin ana cewa adadin masu wucewa ta Agadas ya ragu, nakan ce a raina: wanda ya bi ta shinge ake ƙirgawa, mu kuwa babu shingen da ya gan mu.

Allah ya kai mu. Wannan karon ba mu tsaya a Tamanrasat ba, muka yi ta cin gaba da kaɗan-kaɗan har Oran a bakin teku, don an ce can kuɗin aiki ya fi kauri. Muka samu aiki a wani ginin bene mai hawa biyar da ba a gama ba. A nan muke aiki, a nan muke kwana a kan kwali. Ba mu da takardar zama, ba mu da izinin aiki, kuma ɗan kwangilar ya sani sarai, don shi ya sa ya ɗauke mu. Kamarad suke kiranmu, dukanmu, sunan kowane baƙar fata ke nan.

Wanda ba shi da takarda ba shi da banki. Ginin da jan bulo ake yinsa, irin mai ramuka a ciki. Na samu gwangwanin madara, duk abin da na tara na dinari, kuɗin ƙasar, in nannaɗe a leda in cusa, in tura gwangwanin cikin ramin wani bulo da ya fashe a hawa na uku, ɗaki na biyu daga matakala, in toshe da guntun siminti. Taubashina kaɗai ya san wurin. Kuɗin wata bakwai ne a ciki, kuma ɗan kwangilar yana riƙe da na wata biyu, kullum sai ya ce sai an zuba kankaren rufin sama.

Akwai wani dattijo mai gadin wurin, Ammi muke ce masa, wato baffa. Ba zan ba da labarin nan in bar shi ba, domin idan na bar shi na yi wa mutanen ƙasar ƙarya. Ranar Juma'a matarsa kan aiko da abinci a babban kwano, ya kira mu mu sa hannu tare. Yana faɗa mini gaskiyarsa da ɗan Larabcin da na tsinta: 'ya'yansa biyu suna zaune babu aiki, kuma a unguwarsu ana cewa mu muka karya farashin lebura. Ban ji haushinsa ba, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai wata rana ya ciro hoto daga aljihu. Babban ɗansa ne, ya hau ƙaramin jirgin ruwa daga gaɓar nan ya tsallaka Sifaniya babu takarda. Harraga suke kiran irinsu. Ya ce duk daren duniya yana addu'a kada a kama masa yaro. Muka yi shiru mu biyu, shi uban bakin haure, ni bakin haure.

A watan Afrilu na 2018, da hantsi, ina kwaɓa siminti babu takalmi, jami'an tsaro suka kewaye ginin. Ba a tambayi sunan kowa ba, launin fata ake bi. Na roƙi ɗaya daga cikinsu, da hannu da baki, ya bar ni in hau sama minti biyu. Hawa uku ne kawai tsakanina da guminna na wata bakwai. Ya tura ni mota. Aka karɓe wayoyinmu. Muna cikin bas sai ga Ammi yana gudu irin na tsoho, ya cire takalmansa na roba ya jefo mini ta taga. Ɗan kwangilar kuwa ko inuwarsa ba mu gani ba, kuma babu wanda ya neme shi. A nan ne abin ya fi ci mini rai har yau. Idan aiki babu izini laifi ne, mutum biyu suka yi shi. Ɗaya aka kama, ɗayan ya ci ribar ginin ya haɗa da kuɗin wata biyu na mutum goma sha wani abu.

Daga Oran zuwa Tamanrasat kusan kilomita 2,000 ne. Kwana uku muka yi a jerin bas-bas, burodi da ɗan ruwa. Babu alƙali, babu takardar da aka karanta mana, babu wanda ya tambaya ko a cikinmu akwai mai fasfo da biza, alhali akwai. A Tamanrasat aka tara mu a wani babban fili mai katanga, aka fara tantancewa.

Tun 2014 akwai yarjejeniya tsakanin Aljeriya da Nijar kan mayar da 'yan Nijar gida. Su ana loda su a manyan motoci a kai su har cikin ƙasarsu, a miƙa su ga hukuma. Sauran kuwa, 'yan Mali, Gini, Kamaru, Najeriya da sauransu, babu wata yarjejeniya a kansu. Taubashina ya matso kusa da kunnena ya ce, “Ka ce Matamai. Ka san sunan mai gari, ka san sunan kasuwa, wa zai ƙaryata ka?” Na yi niyya. Amma tun a Oran an rubuta ni ɗan Najeriya, kuma na ga yadda aka yi wa wani da maganarsa ta saɓa da takarda. Na faɗi gaskiya. Ya cire rawaninsa ya ɗaura mini a wuya, bai ce komai ba, aka ja shi.

Mu aka zuba mu a motocin ɗaukar kaya, a tsaye, kilomita wajen 400 zuwa In Gezam, garin Aljeriya da ke bakin iyakar Nijar. Aka wuce garin. Can cikin dare, kafin asuba, motocin suka tsaya a inda babu komai, babu bishiya, babu gini, babu ko dutsen da za ka jingina. Wurin da ake kira Fuwan Zero ke nan. Wani jami'i ya miƙa hannu kudu ya ce Nijar, motocin suka juya.

Kilomita 15 ne daga nan zuwa Assamaka. A baki ba shi da yawa, na sha yin fiye da haka zuwa cin kasuwa. Amma ba ka yi shi bayan kwana biyar babu abincin kirki ba, kuma ba a cikin yashin da ke haɗiye ƙafa ba. Da duhu muna hango wani ɗan haske can nesa, shi muka sa a gaba. Da gari ya waye hasken ya ɓace, ko'ina ya zama iri ɗaya, aka fara gardama, wasu suka karkata gabas. Mu ɗaruruwa ne, amma kafin hantsi layin ya tsinke, kowa ya zama shi kaɗai. Akwai wata mata da ke jan yaro ɗan shekara kamar huɗu, ga ciki. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Na durƙusa, ta ɗora mini shi a wuya. Yaron bai yi kuka ba ko sau ɗaya, sai dai ina jin numfashinsa da zafi a kan kunnena, lokaci-lokaci in girgiza kafaɗa don in tabbatar yana motsi. Na yaga rawanin taubashina biyu, na rufa masa rabi. Takalman Ammi sun yi mini girma, yashi na shiga yana gurzar dunduniyata har ta fashe, amma waɗanda ba su da ko ɗaya na ga yadda suke taka ƙasa kamar masu taka garwashi. Mun wuce wani mutum da ya zauna ya sunkuyar da kai. Na yi masa magana, ya ɗaga mini hannu alamar in je. Na tafi. Wannan tafiyar da na yi na bar shi, har yanzu ina neman gafarar Allah a kanta.

Rana ta kusa tsaka muka shiga Assamaka, ɗan ƙauye ne da shingen jami'ai da gidajen ƙasa. Aka ba mu ruwa, muka faɗa wa ma'aikatan hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, cewa akwai mutane a baya, suka fita da mota. Su suka kai mu Arlit, daga nan Agadas. A can na ari waya na kira gida, aka ce taubashina ya riga ni isa da kwanaki, yana zaune a ƙofar gidanmu ya ƙi komawa garinsu, ya kasa haɗa ido da Inna.

Daga baya na ji cewa a watan Mayu na wannan shekarar ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya nemi Aljeriya ta daina korar mutane a dunƙule, kuma a watan Yuni kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito cewa fiye da mutum 13,000 aka zubar a hamadar cikin wata 14. Hukumomin ƙasar sun musanta cewa ana cin zarafin kowa. Ni dai ina cikin lissafin, kuma tabon yana dunduniyata.

Da na iso gida Baba bai yi mini faɗa ba. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a zaure ya ce, “Zauna, kai ne na biyu a gidan nan.” Yana saurayi yana fataucin goro a zangon Kumasi lokacin da gwamnatin Busiya ta ba da umarni a watan Nuwamba na 1969 cewa duk baƙon da ba shi da takarda ya bar Gana cikin mako biyu. Ya karyar da kayansa ya hau bayan babbar mota. Ya ce, “Kada ka ɗauka mu tsarkaka ne. A 1983, zamanin Shagari, mu ma mun kori baƙi, 'yan Gana kaɗai wajen miliyan ɗaya, har da malamin da ya koya wa yayanka karatu.” Sannan ya tambaye ni kwana nawa aka ba ni in haɗa kaya. Na ce, “Baba, minti biyu na roƙa.” Ya daɗe bai ce komai ba.

Ban taɓa cewa ƙasa ba ta da ikon tsare iyakarta ba. Na shiga gidan mutane babu sallama, na sani, kuma yankin nan akwai masu safarar makamai da ƙwaya, dole a sa ido. Idan an ce in fita, zan fita. Amma a tambayi sunana, a duba takardata, a bar ni in ɗauki abin da na yi gumi a kansa, a sa wanda na yi wa aiki ya biya ni, a miƙa ni hannun hukuma a inda akwai ruwa. Yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta 1981 ma ta haramta korar baƙi a dunƙule. Kuma masu ba da kuɗi daga Turai don a toshe hanya, da shugabanninmu masu karɓa, ina so su san cewa hanyar ba ta toshe ba, kaucewa ta yi daga bakin rijiya. Laifi mafi girma kuwa yana gida, inda saurayi mai ƙarfi zai yi noma wata huɗu ya zauna wata takwas babu abin yi.

A watan Nuwamba na 2023 gwamnatin Janar Tiani ta soke dokar 2015, motoci suka koma lodi a fili a Agadas. Kora kuwa ba ta tsaya ba. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara, masu fita da babur mai ƙafa uku suna kwaso waɗanda suka gaza a hanyar Assamaka, ta ƙirga fiye da mutum 30,000 da aka koro daga Aljeriya a 2024 kaɗai.

Ni ban sake komawa ba, ina gini a nan kusa, abin da ya samu mu ci. Taubashina ya koma sau biyu, an koro shi sau biyu, kuma da aka gama girbin bana ya zo yi wa Inna sallama zai sake tafiya. Na yi masa magana har na gaji, ya ce in nuna masa abin da zai ci da yara shida kafin damina, na rasa amsa. Da na raka shi bakin hanya ya ce in ya kai Oran zai leƙa ginin nan. Na ce ya bar zancen gwangwani, an yi wa bangon yaɓe tuntuni, wasu ne ke kwana a ɗakin. Amma idan ya samu Ammi da rai, ya gaishe shi, ya tambayi labarin ɗansa, ya kuma ce masa takalman sun kai ni.